Ruwan da ke takarda da ruwan da ke Tiga

Jama'a masu sauraro, damina ta naɗe tabarmarta, kuma hankalin manoman Kura da Bunkure da Garun Malam ya koma wuri guda: yaushe za a sako ruwa daga Tiga, kuma ko zai kai su girbi?

A 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, aka ce cikinta na ɗaukar kusan kubik mita biliyan 2. Har gobe wannan adadi ake ta ambata. To amma duk matar da ke ɗebo ruwan rafi ta san halin randa. In aka yi kwanaki ba a wanke ta ba, laka ce ke kwanciya a gindi, sai ka gan ta cike fal alhali rabon moɗa ya ragu. Shekara 50 ke nan da ɗoriya Kogin Kano na kwaso yashi da laka daga gonakin da aka sare wa itatuwa yana jibgewa a cikin dam ɗin. Ga ranar bazara na shan nata kason, ga iskar hunturu.

Sandar awo da ke bakin ruwa tsayi kawai take nunawa, ba ta san abin da ya kwanta a ƙasa ba. Sai an shiga kwalekwale da na'urar da ke aika sauti zuwa ƙasan ruwa ya dawo, a bi tafkin layi-layi, a zana taswirar zurfinsa, sannan a san gaskiyar abin da ya rage. Aiki ne mai cin kuɗi, babu shakka, amma bai kai asarar manomin da ya ci bashin taki ya dasa tumatir, ruwa ya yanke masa ana tsakiyar fure, ya tsaya yana kallon kanal ta bushe har ƙasa ta tsattsage.

Kuma ba manoman ranin Kadawa, wato na yankin Kura da Bunkure da Garun Malam, kaɗai ke da haƙƙi a ruwan nan ba. Birnin Kano na sha ta matatar ruwa ta Tamburawa. Can ƙasa akwai masunta da makiyaya da manoman fadamar Haɗejiya da Nguru, waɗanda ciyawar kachala ta riga ta toshe musu hanyoyin ruwa. Sako ruwa babu lissafi yana ƙara wa kachalar ƙarfi, riƙe shi fiye da kima kuma yana busar da fadamar.

Kiranmu ga Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are shi ne ta sake auna Tiga da madatsar ruwa ta Challawa, ta kuma faɗa wa jama'a sakamakon da Hausa, a rediyo, kafin manomi ya zuba iri. A gaya masa eka nawa ruwan bana zai iya ɗauka, da ranar buɗe kanal, da ranar rufe ta.