Amsoshin Tambayoyinku: Yaushe Kayan Lambu Ke Isa Cira?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙun wannan mako kusan duk na 'yan lambu ne.

Ta farko daga wani matashi ce a Kura, jihar Kano. Ya ce bana ya fara noman kankana, ya fasa biyu manya ya tarar cikinsu fari fat. Yaya zai gane ta nuna?

To malam, girma daban, nuna daban. Ka duƙa ka duba inda kankanar ta haɗu da yaɗonta, akwai wani ɗan zare mai nannaɗewa a wurin. Muddin yana kore shar, ƙyale ta. In ya bushe, ta isa ko tana gab. Sannan ka juya ta a hankali ka ga gefen da ke kwance a ƙasa: fari ne tana ɗanya, idan ta nuna sai ya koma ruwan ɗorawa. Ƙwanƙwasawar nan da 'yan kasuwa ke yi ma tana aiki, don nunanniya sautinta a dushe yake, amma ni dai ba na ba sabon shiga shawarar dogara da ita, sai kunnen da ya daɗe a sana'ar. Yawancin irin da ake shukawa kan ɗauki kwana 75 zuwa 90. Kada ka yi gaggawa, domin kankana ba ta ƙara zaƙi bayan an cire ta. Yadda ka yanko ta, haka za ta zauna har ta ruɓe.

Tumatir kuwa ba haka yake ba, wanda ya kawo mu ga wasiƙar wani bawan Allah daga Ɗanja. Dillalai sun ce ya riƙa tsinka tun bai yi ja ba, yana tambaya ko wayo ake masa. Babu wayo, malam. Tumatir yana fitar da wata iska da ake kira etilin, ita ke ci gaba da nunar da shi ko a cikin kwando. Wanda za a loda zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, a tsinke shi da zarar ƙasansa ya fara sauya launi, in ba haka ba kafin ya isa can ya zama miya. Na kasuwar gida da na kauɗa, a bar shi ya yi jawur a jikin uwarsa.

Wata Hajiya daga Galmi ta ce albasarta na ruɓewa a wurin ajiya. Hajiya, sau da yawa tun daga cira matsalar ke farawa. Albasa ta ƙosa ne idan wuyanta ya yi laushi, lawashin ya kwanta da kansa. Ki jira sai fiye da rabin gonar ya kwanta, ki ɗauke ban ruwa kamar mako biyu kafin cira. Bayan nan a shanya ta inda iska ke ratsawa har wuyan ya bushe ƙamas, don ta jiƙaƙƙen wuya ruɓa ke shiga. Masu tattake lawashi don a riski farashi, su sani wannan albasar ta sayarwa ce nan take, ba ta ajiya ba.

Mai tambayar kuɓewa daga Zariya, kwana 4 zuwa 6 bayan fure ta isa. Karya bakinta: in ya ɓalle ƙaras, tsinke, in ya lanƙwashe, ta tsufa, bar ta ta zama iri.

Sauran wasiƙun, har da ta mangwaro, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.