An Kawo Ruwa! Me Ya Biyo Shi a Bututu?

Ƙarfe uku na dare, unguwa ta yi tsit, sai famfon tsakar gida ya fara tari. Ya yi kaki, ya furzar da iska, ya yi shiru, ya sake. Duk wanda ya taso a Kano ya san wannan sautin. Can sai wani yaro a maƙwabta ya ƙwala: "An kawo ruwa!" Kafin ka ce kwabo an fito da bokitai da baho da jarkoki, har da tukunyar da aka tuƙa tuwon dare.

To ga kofuna uku a gabanmu, duk daga famfo ɗaya muka tara su. Na farko ja ne kamar shayin da aka ɗiga wa madara. Na biyu fari ne fat kamar an dama alli. Na uku garau yake, kana hango gindin kofin. Da za a ce ka zaɓi ɗaya ka ba ɗanka, na san na ukun za ka ɗauka. Riƙe wannan zaɓin naka, za mu dawo kansa. Bari mu fara bin ruwan daga inda ya taso.

Ruwan famfo ba baƙo ba ne a Kano. Tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka fara jawo shi daga kogin Challawa zuwa cikin birni. Daga baya gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar Tiga a kan kogin Kano a farkon shekarun 1970, aka zo aka gina ta Challawa a wajen Ƙaraye. Yau manyan matatun da birni ke dogaro da su sun haɗa da ta Challawa a yankin Panshekara, da ta Tamburawa a kan hanyar Zariya, da ta Watari a wajen Bagwai. Sabuwar Tamburawa kaɗai an gina ta ne don ta iya tace lita miliyan 150 a rana. Sai dai abin da aka gina matata ta iya daban, abin da take fitarwa a ranar da babu wutar da za ta juya injuna daban.

Me ake yi wa ruwan a can? Abin da kakanninmu ke yi a randa ne, aka faɗaɗa shi. Ruwan kogi yana zuwa da laka, musamman da damina. Sai a zuba masa alif, ƙananan ƙwayoyin lakar su dunƙule, su yi nauyi, su kwanta a ƙasa. A bi da shi ta cikin yashi ya tace sauran. A ƙarshe a saka masa kulorin, sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta. Kuma da gangan ake sakawa har ya ɗan yi saura, don ragowar ta raka ruwan a hanya kamar ɗan rakiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a bar kulorin ya yi aƙalla minti 30 yana aiki a cikin ruwan, kuma a samu ragowar da ba ta gaza miligiram 0.2 a kowace lita ba a inda mutum zai ɗiba.

Saboda haka, Hajiya, idan kika buɗe famfo kika ji wannan ɗan warin mai kama da na maganin wanki, har yara suna cewa ruwan yana warin asibiti, kada ranki ya ɓaci. Alama ce ɗan rakiyar ya iso da ransa. Ni ruwan famfon da ba ya ɗauke da wannan ƙanshin ko kaɗan shi ya fi sa ni tunani.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Tsakanin matata da gidanka akwai tafiyar kilomita da yawa a ƙarƙashin ƙasa. Ana tura ruwan zuwa manyan tankuna, irin waɗanda ke kan Goron Dutse, daga nan ya gangaro cikin manyan bututai, ya rarrabu zuwa ƙanana, ya shiga lunguna. Wasu bututan sun girmi iyayenmu. Wasu an fasa su garin aikin titi. Wasu kuma, mu faɗi gaskiya, mu muka huda su da dare muka ja layi.

Bututu mai ɗigo ba shi da haɗari sosai muddin cike yake da ruwa. Ƙarfin ruwan daga ciki yake turowa waje, don haka babu abin da zai iya kutsawa. Asara ce kawai, ruwa na malala a titi. Matsalar tana farawa ne ranar da aka ɗauke ruwa. Ka taɓa ganin ɗan bumburutu yana zuƙo fetur da tiyo? Ya ja iskar ciki, fetur ya biyo. Haka bututu yake yi idan ruwan cikinsa ya janye: sai ya koma zuƙa. Duk wata kafa da ruwa ke fita jiya, yau ta nan abin waje zai shigo. To me ke waje?

Kalli wannan lungun. Ga bututun roba guda biyar, sirara, sun biyo ta cikin kwata saboda nan ne ba sai an yi haƙa ba. Ga wannan an ɗaure mahaɗinsa da tsumman roba da aka yanko daga tsohon tiyub na babur. Ruwan wanke-wanke da na banɗaki yana gudana a kansa dare da rana. A lungunmu mun sha wannan. Wata shekara da damina yaran gidaje huɗu suka kama gudawa a mako ɗaya, kowa na zargin mangwaro. Sai da wani dattijo ya sa aka bi layin da fartanya, aka tarar da mahaɗin ya saki a daidai inda ruwan wata shadda ke tsiyaya. Babu wanda ya taɓa ganin wani abu a ruwan. Garau yake zuwa.

Akwai wani abin da ke ƙara ta'azzara zuƙar. Idan ruwa ya zo ba ƙarfi, mai hali sai ya jona injin jan ruwa kai tsaye a jikin bututun gwamnati ya cika tankinsa na sama. Shi ya samu. Amma injin nan yana rage ƙarfin ruwan a layin gaba ɗaya, yana taimaka wa kwata ta shiga bututun maƙwabta, har da nasa. Wanda ya san aikin yakan bar ruwan ya zuba da kansa a tankin ƙasa, sannan inji ya ɗaga shi sama daga can.

Mu koma kan kofunanmu. Jan nan na farko, tsatsa ce da lakar da suka kwanta a bututu, ruwa ya taso su da ya dawo. Shi ne ruwan farko, kuma shi ne ya wanko duk abin da bututun ya zuƙa tun ranar da aka ɗauke. Kada a tara shi a randa. A bar famfo ya zuba har ya washe, wanda aka tara kuma a yi ban ruwan shuka ko wankin tsakar gida da shi. Farin nan na biyu da ya ba ka tsoro, duba shi yanzu. Ya fara washewa daga ƙasa zuwa sama. Iska ce kawai ta gauraya da shi, minti biyu ta fice. Da alli ne ko laka, daga sama zai fara washewa, gari ya taru a gindi.

Na uku kuwa, wanda ka zaɓa, babu mai iya yi masa shaida da ido. Ƙwayar da ke kawo kwalara da wadda ke kawo taifot ba su da launi, ba su da wari, ba su da ɗanɗano. Ma'aunin ruwan sha na Nijeriya, wanda hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, wato SON, ta fitar a 2007, ya ce a cikin mililita 100 na ruwa kada a samu ko da ƙwaya ɗaya ta E. coli, wato ƙwayar da ke nuna bayan gida ya taɓa ruwan. Wannan sai a ɗakin gwaji ake gane shi. Kuma ba ƙaramin abu muke magana a kai ba. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, wato NCDC, ta ƙirga mutum sama da 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a faɗin ƙasar nan, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Na san abin da wani zai ce: "Malam, mu rabonmu da ruwan famfo tun yaushe? Garuwa muke saye." Gaskiya ne, unguwanni da yawa kurar ɗan garuwa ce famfonsu. To ruwan garuwa daga ina? Mafi yawa daga rijiyar burtsatse, kuma ba kasafai ake saka masa kulorin ba, wato ba shi da ɗan rakiya. Idan burtsatsen mai zurfi ne kuma an rufe wuyansa da siminti yadda ya kamata, ruwan yakan fito da kyau. Idan kuwa an haƙa shi a jikin masai, sai a hankali. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin rijiya da shadda. Yanzu ka gaya mini, a cikin Ƙofar Mata ko Fagge ko Kurna, gida nawa ne ke da filin mita 30? Shaddarka tana nesa da rijiyarka, amma ta maƙwabcinka bango ɗaya ne ya raba su. Sannan ga jarkar kanta. Leƙa cikinta da fitilar waya. Idan ka ga kore-kore a jikin bango, gansakuka ce, kuma ta daɗe ba ta ga sabulu ba. Babu laifi ka ce wa mai kawo maka ruwa, "Ɗan'uwa, daga wane burtsatse kake ɗebowa?" Mai gaskiya zai nuna maka da yatsa.

Mutanen da ke kusa da Sharaɗa da Challawa da Bompai kuma suna da nasu ƙarin. Nan ne masana'antu suke, har da na jimar fata, kuma ruwan da ake jima da shi yana ɗauke da sinadarai irin su kuromiyom. Tafasawa ba ta cire irin waɗannan. Ƙwayar cuta wuta ke kashewa, ƙarfe ba ya mutuwa. Mai rijiya ko burtsatse a irin wannan wuri, abin da ya dace shi ne ya kai ruwansa a auna.

Sai mu shigo gida, inda ni a ganina aka fi yin ɓarnar ba a sani ba. Ruwa ya tsallake kogi, ya tsallake kwata, ya iso lafiya, sai moɗa ta kashe shi. Yaro ya fito daga banɗaki, ya ɗauki moɗar da ke yashe a ƙasa, ya zurma ta a randa har wuyan hannu. Shi ke nan, randar gaba ɗaya ta tafi. Randa ba ta da laifi, babu abin da ya kai ta sanyaya ruwa a watan Afrilu. A rufe ta, a samo moɗa mai dogon mariƙi a rataye ta a sama, wadda ake ɗiba da ita daban, kofin sha daban. Wanda ya samu bokiti mai murfi da ɗan famfo a gindi, ya huta da wannan rigimar. Tankin sama kuma, maigida, yaushe rabon da a hau a duba shi? Na taɓa ganin wanda murfinsa ya tafi da iskar farkon damina, aka shekara ana sha tare da ƙadangaru.

Idan kana shakkar ruwa, tafasa shi. Ba ɗumi ba, ba ya fara ƙananan kumfa ba: ya tafasa yana juyawa, a bar shi minti ɗaya a haka, ya huce a cikin tukunyar da murfinta. Na san kuɗin gas da gawayi, don haka ko na jarirai da tsofaffi da marar lafiya kaɗai aka tafasa an rage. Akwai kuma ruwan kulorin da ƙwayoyinsa da ake sayarwa a kemis. A bi ma'aunin da aka rubuta a jiki, a jira minti 30 kafin a sha. Amma idan ruwan ya yi laka, a fara kwantar da shi da alif ko dakakken ƙwallon zogale, a tsiyaye na sama, sannan a saka maganin, don laka tana cinye ƙarfin kulorin. Kuma a kula, alif shi kaɗai wanke wa ruwa fuska yake yi, ba ya kashe ƙwayar cuta. Wanda ba shi da ko ɗaya, ya zuba ruwa garau a farar gorar roba, ya kwantar da ita a kan kwano a rana tsawon awa 6. Idan akwai hadari, kwana biyu. Rana dai ba mu rasa ta ba a Kano.

Fiya wata fa? A duba lambar NAFDAC a jikin ledar, a duba ko an liƙe ta da kyau, kuma a wanke bayanta kafin a kai baki, tunda da haƙori muke farke ta, ita kuwa ta kwana a ƙasan shago.

Idan kuma duk da haka gudawa ta kama wani a gida, ba a jiran gari ya waye. A samo ruwan da aka tafasa lita ɗaya, a zuba suga ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a motsa, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Idan akwai ƙullin ORS na kemis, ya fi. In bayan gidan ya koma tsululu kamar ruwan da aka wanke shinkafa, ko amai ya hana shi riƙe komai, ko idon yaro ya faɗa, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take, ana tafe ana ba shi ruwan. Sannan wani ya tsaya a gida ya tambayi maƙwabta ko su ma an samu a wajensu. Idan gida biyu ko uku ne a layi ɗaya, a sanar da ma'aikatan lafiya da mai unguwa, a ɗauko fartanya a bi bututun.