Zanen Tafkawa, daga gindin tsamiya

Hauwa: Assalamu alaikum masu sauraro. Yau daga ƙauyenmu muke, nan kusa da Birnin Kudu, in kun ji kukan awaki ku yi haƙuri. Yaya Bala ya zo mana da mutanen da ya ƙirƙira a labarin da yake rubutawa.

Bala: Tafkawa ke nan. A kan ruwa suke zaune, cikin kwalekwale. Ranar da yaro zai fara fita su shi kaɗai, sai a zane shi da shuni daga kafaɗa har yatsu.

Ladi: Wa ke zanawa?

Bala: To, kowa ma.

Ladi: Haba Yaya! Ko ƙunshin amarya ba kowa ke sa hannu ba. Lokacin bikina gwaggona ce ta kwaɓa lallen, ta cusa min hannu cikin zunguru, na kwana da shi a haka. Ƙaiƙayi ya ishe ni, ba halin susa, ga ƙawaye suna ta tsiya. Har yau in na ji ƙanshin lalle, daren nan nake tunawa, ba jan da ya yi ba.

Hauwa: Ni kuma shunin ne ya tsaya min. Masunta ne fa, kullum cikin ruwa. Kuma a ina suke noman baba? Marinar Ƙofar Mata ma sai da toka, a jira kwanaki kafin ruwan ya nuna.

Bala: Kun kama ni. To ko na koma katambiri?

Ladi: Yauwa, wanda kakanninmu ke ɗiga wa a kumatu. Baƙi ƙirin, bayan 'yan kwanaki ya gushe.

Bala: Tsaya, ai gushewar ce abin! A ce yaro ba zai dawo gida ba sai zanen ya goge. Wanda ya dawo da sauran baƙi a hannu, an san tsoro ya koro shi.

Hauwa: Ka ga yanzu zanen ya samu aiki. Dubi Fulanin Wodaabe a Nijar, wajen bikin Gerewol: samari ke shafe fuska da jar ƙasa ko rawaya, su baƙanta leɓe don haƙori ya fito fari, 'yan mata su zaɓa. Kwalliya ce mai dalili.

Ladi: Mai zanen fa? Ba ka amsa ba.

Bala: Kakarsa ta wajen uwa. Ita kaɗai ta san zanen gidansu, kamar yadda wanzami ya san tsagar kowane gida.

Ladi: In ta rasu kafin ya isa fa?

Bala: Sai ya fita da fata fes, kowa na kallonsa. Kai, Hauwa, miƙo min biron nan, na samu jarumin labarina.