Amsoshin Tambayoyinku: Yadda babban birni ya bar Damagaram ya koma Yamai

Assalamu alaikum jama'a masu saurare, barkanmu da war haka. Wasiƙu sun taru, za mu fara da ta wani dattijo daga unguwar Birni. Ya ce jikansa ya dawo daga lakwal yana cewa wai Damagaram ta taɓa zama babban birnin Nijar. Gaskiya ne? In gaskiya ne, me ya sa aka ɗauke?

Baba, Allah ya ƙara girma, yaron nan bai yi ƙarya ba. Tun kafin zuwan Nasara garin nan ya yi suna. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, maƙeransa na ƙera igwa, ayarin raƙuma daga Agadas na sauka a Zango kafin su wuce Kano. A 1898 aka kashe wani hafsan Faransa, Kazamaju, a zamanin Sarki Amadu Kuren Daga. Shekara ta zagayo Faransawa suka dawo da ƙarfi, aka gwabza a Tirmini a 1899, gari ya faɗa hannunsu. Daga 1911 nan ne mazaunin mulkinsu, har 1926 da Gwamna Brebiye ya kwashe komai zuwa Yamai.

Dalilin da suka fi faɗa shi ne ruwa. Garinmu a kan dutse yake zaune, rijiya ba ta ba da haɗin kai, Yamai kuwa tana bakin kogin Kwara. Duk wanda ya taɓa jera jarka tun asuba yana jiran mai ga-ruwa ya san wannan hujja ba ƙage ba ce. Amma ni a ganina akwai na biyu da ya fi nauyi: Faransawa ba su taɓa sakin jiki da Damagarawa ba. Cinikinmu da auratayyarmu da karatun allonmu duk Kano suka fuskanta, Kano kuwa tana hannun Ingilishi. A Yamai babu tsohuwar sarauta mai ƙarfi da za ta yi musu gardama.

Wata ɗaliba daga Mirriya tana tambaya ko ɗan Nijar ya taɓa cin lambar Olamfik. Ƙanwata, sau biyu: Isaka Dabore ya samu tagulla a damben zamani a Munik a 1972, Abdul Razak Alfaga ya samu azurfa a taikwando a Riyo a 2016.

Sai wani tela daga Magarya, ya ce gardama ta kaure a shagonsa, abokansa sun nace cewa fim a Nijar sabon abu ne. Malam, ka gaya musu sun faɗi. A 1972 ɗan Nijar Umaru Ganda ne ya fara lashe babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka da ake yi a Wagadugu, da fim ɗinsa Le Wazzou polygame, kuma har yau akwai kyauta mai sunansa a bikin. Abin da ke damuna shi ne yaranmu sun haddace 'yan wasan Indiya amma ba su taɓa ganin fim ɗinsa ko ɗaya ba.

Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.