Anthonia Kleinhoonte da Agogon Ganyen Wake

Ku leƙa gonar gyaɗa bayan magariba. Za ku tarar ganyayen sun haɗe bibbiyu sun rufe, sai gari ya waye su buɗe. To, rana ce ke ba su umarni, ko kuwa shukar ce ke riƙe da lokacinta?

Wannan tambaya ce ta ɗauki hankalin Anthonia Kleinhoonte, masaniyar tsirrai 'yar ƙasar Holan, wadda aka haifa a 1887, ta rasu a 1960. A birnin Delft ta yi aikinta, a kan wani wake mai faɗin ganye, Canavalia ensiformis, wanda ke ɗaga ganyensa da rana ya sunkuyar da shi da dare. Sirrin motsin yana gindin ganye, inda akwai 'yar gaɓa mai kumburi. Idan ruwa ya cika gefe ɗaya ya ragu a ɗayan, sai ganyen ya karkata.

Ga yadda ake aunawa. A ɗaura siririn zare a jijiyar tsakiyar ganye, a haɗa shi da ɗan tsinke mai kaifi. Tsinken na kartar takarda naɗe a jikin gwangwani mai juyawa a hankali. Bayan kwanaki, sai ga layi yana hawa yana sauka. Dole zafin ɗakin ya tsaya wuri ɗaya, domin sauyin zafi shi kaɗai kan motsa ganye. Babban tarko kuwa shi ne fitila mai jan haske. Masu bincike na kunna ta a ɗakin duhu suna zaton shuka ba ta ganinta, alhali ita ke saita mata lokaci, abin da masana Jamusawa biyu, Erwin Bünning da Kurt Stern, suka gano a 1930.

Kleinhoonte ta juya wa waken dare da rana da fitila, ganyayen suka bi. Da ta bar su cikin yanayi ɗaya marar sauyi, motsin bai tsaya ba, ya ci gaba da zagaye na kusan awa 24, a kan sabon lokacin da ta ɗora su. Ke nan ba wani ɓoyayyen abu daga waje ke jan su ba, shukar ce ke da agogonta a cikinta.

Mafi ban sha'awa a rubuce-rubucenta na 1929 da 1932 shi ne ɗan gajeren haske cikin dare. Na 'yan mintoci kawai ya isa ya matsar da lokacin agogon, kuma yawan matsawar ya danganta da sa'ar da aka kunna fitilar.