Daren da aka buɗe kwalbar 1961 a Bordeaux

Jama'a barkanmu da war haka, daga birnin Bordeaux na ƙasar Faransa nake gaishe ku. Bari in faɗi magana ɗaya tun da wuri, don kada wani ya ga abin da bai shirya gani ba. Yau zancen giya za mu yi, tsohon ruwan inabi. Na san mafi yawanku Musulmi ne, kuma ko a cikinmu Kiristocin Arewa da yawa ba sa kusantarta. Ni ɗan Wusasa ne, a cikinku na tashi, na san nauyin abin. Ba kiran kowa nake yi ya sha ba. Wanda ya ga ba zai iya kallo ba ya wuce, babu komai, ma haɗu a na gaba. Wanda ya tsaya kuwa, noma zan nuna masa, don karatun aikin gona ne ya kawo ni ƙasar nan.

Dattijon da nake haya a gidansa likita ne, haifaffen 1961. Mutanen nan suna da al'ada: idan an yi haihuwa, uba mai hali sai ya sayi ruwan inabin shekarar ya ajiye wa jaririn. Haka mahaifinsa ya yi masa. To, ranar zagayowar haihuwarsa ce ya tara 'yan uwa da aminai, ya ce in zo. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini, kada kyamara ta ɗauki fuskar kowa. Shi ya sa hannaye da teburi kawai za ku riƙa gani.

Ku biyo ni ƙasa. Wannan ɗakin a ƙarƙashin gidan yake, babu taga, ma'aunin da ke bango yana kan digiri 13. Kun ga duk kwalaben a kwance suke. Marfinsu ɓawon itace ne da ake cusawa a wuyan kwalba, yawancinsa daga Fotugal, inda sai bayan shekara tara ake sake ɓare itacen. Idan kwalba ta daɗe a tsaye marfin ya bushe, iska ta shiga, shi ke nan an yi asara. Waɗanda za a sha yau kaɗai Dokta ya tayar tsaye tun kwanakin baya, don lakar da ke ciki ta kwanta a gindi.

Kwalbar farko ma ba ta yi rai ba. Yana zubawa ya kai hanci, ya girgiza kai. Na sansana, warin jiƙaƙƙen kwali. Ba wanda ya ɗaga murya, aka kawar da ita gefe. Wanda ya ajiye abu shekara sittin da ɗoriya ya san da haka tun farko.

Ta biyu ce aka taru dominta, ta gonar inabin Château Latour, ta shekarar 1961. Ku dubi hannunsa da kyau. Bai ɗauki abin buɗewa mai murɗawa ba, don marfin ya tsufa, yana taɓa shi zai marmashe. Wani ƙarfe ya ɗauko mai harshe biyu sirara, ya zura ɗaya ta wannan gefen tsakanin marfi da gilashi, ɗaya ta wancan, yana girgizawa a hankali, yana juyawa, har marfin ya fito baƙi ƙirin, a jiƙe, guntun ƙasansa yana shirin rabuwa. Sai matarsa ta kunna kyandir. Ya karkata kwalbar a saman hasken yana tsiyayawa cikin wani tulun gilashi, idonsa a kan wuyan kwalbar. Yana hango baƙin laka ya taso, ya tsaya cak. Abin da ya rage a ciki ba a sha.

Mu goma ne a teburin, kwalba ɗaya, don haka kowa 'yan kurɓi ya samu. Launinsa ya bar ja sosai, bakin kofin ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Ƙamshin ne ya fara tsayar da ni: busasshen ganyen taba, itace, ƙasa bayan yayyafi, sannan can ƙarƙashi wani ƙamshin 'ya'yan itace da ban yi zaton zai kai yau ba. Sabon jan ruwan inabi na yankin nan yana da bauri mai kama harshe. A wannan baurin ya kwanta, ya yi laushi, ɗanɗanon kuma ya daɗe a baki bayan an haɗiye. Da gasasshen naman ɗan rago na Pauillac aka kawo shi, garin da gonar take.

Me ya sa ake ji da 1961? A watan Mayun shekarar sanyi ya buge gonakin, 'ya'yan suka ragu ƙwarai, sai rani ya zo da rana mai kyau. 'Yan kaɗan ɗin da suka tsira su suka kwashe duk ƙarfin kurangar. Sunan gonar kuma tsoho ne. A 1855, da za a yi babban baje koli a Paris, Sarki Napoleon na Uku ya sa aka jera gidajen ruwan inabin Bordeaux daki-daki. Huɗu ne suka hau sahun farko a jan ruwan inabi: Lafite, Latour, Margaux da Haut-Brion. Sai a 1973 Mouton Rothschild ta samu shiga. Har gobe wannan jerin ne ke juya farashi.

Farashin kuwa, ni dai bai kwanta mini ba. Kwalbar da kuka ga an buɗe dubban Yuro take yi a kasuwa. A 2018 an sayar da kwalba ɗaya ta wata gonar Faransa, Romanée-Conti, ta 1945 a New York kan dala 558,000. Inda kuɗi suka kai haka dole 'yan damfara su shigo. Wani Rudy Kurniawan a Amurka ya yi ta haɗa na jabu a gidansa yana liƙa musu tsofaffin takardu, manyan attajirai suna saye, har aka kama shi a 2012, aka yanke masa shekara 10. Dokta bai da wannan fargabar, tunda daga hannun mahaifinsa kwalbar ta sauka ɗakin ƙasan nan, ba ta sake fita ba.

Amma abin da ya sa na ɗauki wannan bidiyon shi ne kwalbar ƙarshe. Ga ta, Château d'Yquem ta 1967. Farin ruwan inabi ne mai zaƙi, shekaru sun mayar da shi launin zuma mai duhu. A jerin 1855 ita kaɗai aka ba wa matsayi na musamman a saman duk masu zaƙi. Gonar tana Sauternes, kamar kilomita 40 kudu maso gabas da nan. Akwai wani ƙaramin kogi mai sanyi, Ciron, da ke ratsowa ta inuwar daji ya faɗa cikin Garonne wanda ya fi shi ɗumi. Da kaka, haɗuwar ruwan biyu sai ta tayar da hazo da asuba, ya lulluɓe gonaki. Hazon ke kawo wata fumfuna, Botrytis, ta hau 'ya'yan inabin ta huda fatarsu. Rana ta fito da hantsi, ruwan ciki ya riƙa ƙafewa, sukari da tsami su taru. Ɗan inabin ya yamutse, ya yi toka-toka, wanda bai sani ba zai ce a zubar. Kamar daddawa ne, ganinta da warinta ba sa gaya maka abin da za ta yi wa miya.

Wahalar ita ce fumfunar ba ta kama zangarniya gaba ɗaya. Yau ta kama 'ya'ya uku, sauran sai wani mako. Saboda haka masu tsinka ba sa yanke komai a tashi ɗaya. Da ɗan almakashi suke bin layi a duƙe, suna zaɓen waɗanda suka kai, su bar saura, su dawo bayan kwanaki, sau biyar, sau shida, wani lokacin fiye, har makonni su shuɗe. Idan ruwan sama ya ɓarke a tsakiya, fumfunar nan mai amfani sai ta rikiɗe ta zama ruɓa zalla. Bayan duk wannan, abin da kuranga ɗaya ke bayarwa bai wuce kofi ɗaya ba.

Ga wanda ya fi taɓa ni. Shekarar da abin bai kai yadda suke so ba, ba sa sa sunansu a kwalba ko ɗaya. Sun yi haka a 1964, da 1972, da 1974, da 1992, sun sake yi a 2012. An yi noma, an biya ma'aikata, an tsinka, sannan a ce bana babu. Na san suna da arzikin da zai ɗauki asarar, ƙaramin manomi ba shi da wannan sararin. Duk da haka ina girmama mutumin da ya ƙi sayar da sunansa a kan abin da bai yarda da shi ba.

Da na kurɓa, zuma na fara ji, da ɓawon lemo, da wani ɗan ɗaci na ƙonannen sukari. Na ɗauka zaƙin zai gundure ni, sai tsamin da ke bayansa ya wanke bakin. Da cukun Roquefort aka haɗa shi, mai gishiri da shuɗin zane a ciki, gishirin da zaƙin suka yi daidai.

A teburin an ambaci sunayen gonaki da shekaru har dare ya raba, amma ban ji an tuna da masu almakashin ba. Na tambayi Dokta ko ya san wani a cikinsu. Ya ce wata tsohuwa da ya taɓa yi wa magani ta shafe shekaru tana tsinka a Sauternes, kuma zai nemi izininta ya haɗa mu. In ta yarda, a watan Oktoba zan sa takalmin roba in bi su layi da asuba, ku ga hazon da 'ya'yan da idonku. Sai mun haɗu, Allah ya kai mu.