Yadda kwamfuta ke gane firiji da dutsen guga daga mita ɗaya

Uwa tana kwance a ɗaki, ta ji taku a tsakar gida, ko leƙawa ba ta yi ba ta ce, "Auta ne wannan." Ta daɗe tana jin takun 'ya'yanta har kunnenta ya rarrabe su. To kayan wutar gidanka ma kowanne da irin takunsa, kuma ana koya wa kwamfuta ta gane su.

Ka ɗauka ga wani layi a kan allo yana hawa da sauka. Wutar da gida guda ke sha ce, daƙiƙa bayan daƙiƙa, daga mita ɗaya tak. Ka ga inda ya yi tsalle kamar an tsikare shi, sannan ya sauko ya tsaya wajen wat 100 da ɗoriya (wat shi ne ma'aunin wutar da kaya ke ja)? Firiji ke nan. In injinsa zai tashi sai ya fizgi wuta da yawa na ɗan lokaci, ya yi aiki na wasu mintoci, ya huta, ya sake tashi, dare da rana. Wannan kuwa da ya hau wat 1,000 cak, ya sauka, ya sake hawa, dutsen guga ne: in ya yi zafi ya yanke kansa, in ya huce ya kama.

Dabarar ta girmi wayar da ke hannunka. George Hart ne ya faro ta a jami'ar MIT ta Amurka a shekarun 1980. Ya lura da girman kowane hawa da sauka, ya kuma lura cewa abin da ke da moto, irin fanka da famfon ruwa, yadda yake jan wuta daban ne da abin da aikinsa zafi kawai, irin hita.

Yanzu kwamfuta ke koyo da kanta, daga misalai. Sai a zaɓi wasu gidaje, a saka ƙaramar mita a jikin kowane kaya, ban da babbar mitar gidan, a yi ta tattara bayanai. Daga nan a ba kwamfuta jimillar wutar tare da amsar: ga rabon firiji, ga na talabijin. Ta yi hasashe, a nuna mata kuskurenta, ta gyara, sau dubbai. Ranar jarrabawa sai a ɓoye amsar, a kawo mata gidan da ba ta taɓa gani ba. Shahararrun bayanan da masu bincike ke aiki da su ma ba na gidaje da yawa ba ne: REDD na shekarar 2011 gidaje shida ne a Amurka, UK-DALE kuwa biyar a Ingila.

Nan gizo ke saƙa. Waɗancan gidaje wutarsu a tsaye take. Mu kuwa ƙarfin wutarmu volt 230 ne a takarda, amma da magariba an sha ganin ta faɗo 180. Dutsen guga mai wat 1,000 a irin wannan wuta kusan 600 zai ja, sai kwamfutar da ta yi karatu a Landan ta ɗauka wani kayan ne. Ga ɗauke wuta, ga komawa janareta, ga sola. Su kuma cajar waya da ƙwan fitila na zamani, takunsu na kyanwa ne, da ƙyar ake jin su. Ni a ganina duk mai son wannan fasaha ta yi aiki a Kano ko Maraɗi, sai ya fara tattara bayanai daga gidajen Kano da Maraɗi.

Sai maganar sirri. Layin nan yana nuna lokacin da kuka tashi, da ranar da kuka yi tafiya gidan ba kowa. A 2011 wasu masu bincike a Jamus sun nuna cewa daga mita mai auna wuta akai-akai ana iya gane shirin da ake kallo a talabijin, domin hasken allo na sauya abin da yake sha.

Amfanin kuwa mai mitar kati ya fi kowa sanin sa. Ka loda yunit ranar Litinin, kafin Juma'a mita ta fara kuka, ba ka san me ya cinye ba. Kwamfutar za ta iya ce maka tsohuwar firizar nan ce ba ta hutawa. A gidan haya mai mita ɗaya kuma za ta ce an kunna hita ƙarfe biyar na asuba. Ɗakin da aka kunna ta ne ba za ta faɗa ba, wannan sai ku tambayi juna.